Shan Baƙin Mai a Injin Dizal: Yadda Ake Gano Musabbabinsa

Gabatarwa

Daga cikin koke-koken da masu motocin dizal suka fi kai wa makanikai akwai cewa mota tana shan baƙin mai. A cika shi yau, kafin mako ya zagayo a tarar ya yi ƙasa. Sau da yawa amsar da akan ba mai mota ita ce a sauke inji a canza ringi. Wannan aiki ne mai cin kuɗi, kuma wani lokaci sai a gama shi ciwo yana nan inda yake, domin tun farko ba ringin ne ya lalace ba. Wani mai motar kuma saboda tsoron kashe kuɗi sai ya yi ta ƙara mai, har ranar da inji zai buga masa a tsakiyar daji.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Baƙin mai ba ya ɓacewa haka kawai. In ya ragu, to ɗayan uku ne: ko ya yoye, ko ya ƙone, ko ya gauraya da ruwan sanyaya inji. Manufar wannan darasi ita ce nuna yadda ake gano wanne ne daga cikin ukun, ta bin irin hanyar da likita yake bi: ya yi tambaya, ya duba, ya auna, sa'an nan ya yanke shawara ko za a yi tiyata.

Yadda Injin Dizal Yake Aiki

Wani injiniya Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro wannan inji, kuma a shekarar 1897 aka samu na farko da ya yi aiki sosai a birnin Augsburg. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba ya bukatar tartsatsin fulogi. Fistan yakan sauka ya zuƙo iska zalla cikin silinda, sa'an nan ya hau ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 15 zuwa 22 na girmanta. Wannan matsi yakan sa zafin iskar ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. A daidai lokacin ne nozul yake feso man dizal, nan take ya kama da wuta, ƙarfin ƙunar ya tura fistan ƙasa. Daga nan fistan ya sake hawa ya kori hayaƙi waje.

Abin lura a nan shi ne, rayuwar injin dizal ta dogara ne a kan matsi. Duk wata kafa da za ta bar iska ta tsere daga silinda za ta rage wa inji ƙarfi, kuma ta wannan kafar ce baƙin mai zai sami hanyar shiga inda bai kamata ba.

Aikin Baƙin Mai

Baƙin mai a cikin inji ya yi kama da jini a jikin ɗan Adam. Yana da famfo mai tura shi kamar zuciya, da ƙananan hanyoyi kamar jijiyoyi, da matata mai tace shi kamar ƙoda. Ayyukansa huɗu ne. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su gogayya. Yana ɗauke zafi daga fistan. Yana wanke dauɗa da baƙin hayaƙi ya kai su matata. Yana kuma toshe 'yar tazarar da ke tsakanin ringi da bangon silinda.

Saboda wannan aiki na ƙarshe, kowane inji, komai lafiyarsa, yana ƙona ɗan mai kaɗan. Haka kuma saurin baƙin da mai yake yi a injin dizal bayan juye ba alamar ciwo ba ce, wanke-wanken da yake yi ne.

Mataki na Farko: Awo

Ɗalibin kimiyya ba ya karɓar "yana sha da yawa" a matsayin bayani. Tambayarsa ita ce: lita nawa, a tafiyar kilomita nawa? Ga yadda ake yi:

1. A ajiye mota a wuri mai bai ɗaya, a kashe inji, a jira kamar minti 10 don mai ya gangaro.
2. A zaro geji, a goge shi, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa a duba.
3. A cika mai zuwa alamar sama, kada a wuce ta, a rubuta lambar kilomita da ke kan mita.
4. A riƙa rubuta duk man da aka ƙara har a yi tafiyar kilomita 1,000 ko fiye.

Alal misali, motar da ta yi kilomita 1,500 aka ƙara mata lita 3, to tana shan lita 2 ke nan a kowace kilomita 1,000. Kamfanonin ƙera motoci sukan rubuta iyakar da suka yarda da ita a littafin mota. Wasu rabin lita, wasu har lita ɗaya a kilomita 1,000. Saboda haka motar misalinmu ba ta da lafiya. Amma ko da ba a kai iyakar ba, in mota ta sauya hali farat ɗaya, ya kamata a bincika.

A kuma tambaya: wane mai aka zuba? Man da ya cika ruwa-ruwa, ko jabu, ko wanda ya daɗe ba a yi juye ba, ya fi saurin ƙonewa. Cika mai fiye da kima shi ma matsala ne, domin karanshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, ya fantsama inda zai ƙone.

Mataki na Biyu: Yoyo

Wannan shi ne bincike mafi arha, don haka da shi ake farawa. A wanke inji tas, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, da safe a duba. Wuraren da aka fi samun yoyo su ne gaskit ɗin murfin bawul, da na kaskon mai, da bakin matata, da notin juye, da sil na gaba da na bayan karanshaf. A tuna cewa mai yana gangarowa ne, iska kuma tana kai shi baya in ana tafiya. Saboda haka a bi sawunsa zuwa sama da gaba har a kai tushe. Wani yoyon ba ya bayyana sai inji yana aiki, don haka a sake dubawa bayan an yi 'yar tafiya.

Mataki na Uku: Launin Hayaƙi

In ba a ga yoyo ba, sai a koma bakin salansa, domin hayaƙi yana ba da labarin abin da ke faruwa a cikin silinda.

Shuɗin hayaƙi mai ƙaurin mai alama ce ta ƙonewar baƙin mai. Baƙin hayaƙi kuwa yana nuna man dizal ya fi iska yawa, ko dai matatar iska ta toshe ko nozul ya lalace. Farin hayaƙi iri biyu ne: mai yaji a ido, wanda man dizal ne da bai ƙone ba, da kuma mai kama da tururi, wanda ruwa ne ya shiga silinda. Ɗan farin hayaƙi da sanyin safiya wanda yake ɓacewa da inji ya ɗumama ba abin damuwa ba ne.

Sai dai a yi hattara. Motocin dizal da aka ƙera don kasuwar Turai daga wajen shekarar 2009 suna da wata matata a jikin salansa mai kama baƙin hayaƙi. Irin wannan mota tana iya ƙona mai ba tare da an ga hayaƙi sosai ba, sai dai tokar man ta yi ta toshe matatar.

Ƙofofi Huɗu da Mai Yake Bi Ya Ƙone

Ta farko ita ce ringi da bangon silinda. Galibi fistan yana da ringi uku: biyu na sama suna riƙe matsi, na ƙasa yana kankare mai daga bango ya mayar da shi kasko. In sun cinye, ko sun maƙale saboda dauɗa, mai zai hau sama, hayaƙi kuma ya sauka ƙasa. Alamominsa su ne shuɗin hayaƙi da yake ƙaruwa in an ɗora wa mota nauyi, da rashin ƙarfi, da wuyar tashi da safe. In aka buɗe murfin zuba mai inji yana aiki a tsaye, za a ga hayaƙi yana fitowa da ƙarfi kamar numfashin mai haki.

Ta biyu ita ce sil ɗin bawul, wato 'yar robar da ke hana mai gangarowa ta jikin sandar bawul. In zafi ya busar da ita, mai yakan ɗiga cikin silinda in mota ta kwana. Alamarta ita ce shuɗin hayaƙi a farkon tashi wanda yake raguwa bayan ɗan lokaci.

Ta uku ita ce turbo, na'urar da hayaƙi yake juyawa don ta cusa ƙarin iska cikin inji. Tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne yake tallafe da sandarta. In ta lalace za a tarar da mai ya taru a manyan bututan iska. Amma kafin a ɗora mata laifi a duba matatar iska da bututun da ke mayar da mai kasko, domin toshewar ɗayansu tana sa lafiyayyar turbo ta zubar da mai.

Ta huɗu ita ce bututun numfashin inji, wanda yake fitar da hayaƙin da ya tsere zuwa kasko. In ya toshe, matsi zai taru a ciki ya tura mai ta kowace kafa. Gyaransa ba shi da tsada, amma alamominsa suna kama da na ringi, kuma nan ne ake yawan yin kuskure.

Abin da yake raba gardama shi ne awon matsi. Makaniki zai ɗaura ma'auni a kan kowace silinda, ya kwatanta abin da ya samu da na littafin kamfani, da kuma na sauran silindoji. In matsi ya cika a dukkansu, to babu dalilin gaggawar sauke inji sai an kore sauran ƙofofin uku.

Idan Mai Ya Gauraya

A buɗe lagireto bayan inji ya huce sarai. In an ga mai yana yawo a kan ruwa, ko man da ke jikin geji ya koma launin shayi da madara, to gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ko na'urar sanyaya mai ta huje. Akwai kuma akasin raguwa: mai ya riƙa ƙaruwa a geji yana warin dizal. Wannan yana nufin man dizal yana zuba cikin kasko yana tsinka baƙin mai, kuma haɗarinsa ya fi na raguwa, domin mai mota zai zaci lafiya ƙalau.

Haɗarin da Ya Kamata a Sani

Tun da injin dizal zafin matsi kawai yake bukata, yana iya ƙona baƙin mansa a madadin dizal. In mai ya kwararo da yawa ta bututun iska, inji zai yi ta gudu da kansa yana tuƙuƙin hayaƙi, ko an kashe makulli ba zai mutu ba. A motar da ke da kuloci, a taka birki da ƙarfi, a sa giya mafi girma, a saki kuloci. In ba haka ba, a toshe mashigar iska da katako mai faɗi, ba da hannu ko tsumma ba. In abin ya gagara, a nisanci motar. Rai ya fi inji.

Ƙura da Lafiyar Inji

Mu yi ɗan lissafi. Inji mai girman lita 2 yana zuƙar iska kusan lita 2 a kowane juyi biyu. In yana juyi 2,000 a minti, to yana shaƙar kusan lita 2,000 ke nan a minti ɗaya, in da turbo ma fiye da haka. A lokacin hunturu wannan iska cike take da ƙurar Sahara, wadda mafi yawanta garin yashi ne mai goge ƙarfe kamar sanfefa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: matatar iska da ta yage, ko bututun da ya tsage a bayanta, sun isa su cinye ringi cikin ɗan lokaci. Shi ya sa littattafan motoci suke umurni da a rage tsawon lokacin juye da canjin matata a wurare masu ƙura.

Kammalawa

Mun ga cewa baƙin mai ko ya yoye, ko ya ƙone, ko ya gauraya, kuma kowanne yana da alamarsa. Ƙa'idar ita ce a auna tukuna, a fara da bincike mai arha, a bar sauke inji ya zama na ƙarshe. Lamarin kuma ya shafi lafiyarmu, domin a shekarar 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar dajin huhu. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen wuri, kada a shafa tsohon mai a fatar mutum ko ta dabba, kada kuma a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya.

Ga aiki ga ɗalibai: da izinin mai mota ko mai janareto na dizal, ku ajiye lissafin man da aka ƙara na tsawon wata guda, da kilomita ko sa'o'in aiki, da launin hayaƙi safe da yamma. Ku kawo sakamakon aji, ku tattauna da malaminku a kan ƙofar da kuke zargi da kuma hujjarku.