Asalin Kalmomin Sara da Ma'anoninsu a Hungariyanci da Folanci da Suwahili

Tsakure

Maƙalar ta nazarci wasu kalmomin sara a harsuna uku da ba su da dangantaka ta asali. An gano cewa tushen sara yana fallasa cuɗanyar da masu harshe suka yi da baƙi da talakawan birni, wadda daidaitaccen harshe kan ɓoye. An kuma nuna darasin da ke ciki ga masu tsara ƙamusun Hausa.

1.0 Gabatarwa

Sara, wato kalmomin yayi da wani rukuni na jama'a ke ƙirƙira ko ya ara, takan gamu da raini a wajen masu daidaita harshe. Sai dai da yawa daga cikin irin waɗannan kalmomi sun shekara fiye da ɗari a bakin mutane. Hungariyanci ɗan gidan Ural ne, Folanci na cikin harsunan Silab, Suwahili kuwa ɗan Bantu ne, amma hanyoyin da sara ke bi ta shiga cikinsu sun yi kama ƙwarai.

2.0 Hungariyanci

Sarar birnin Budafes ta sha daga maɓuɓɓuga biyu manya. Ta farko ita ce harshen al'ummar Romani, waɗanda kakanninsu suka fito daga Indiya. Daga nan aka sami csaj (budurwa), csávó (saurayi), kaja (abinci), pia (barasa), lóvé (kuɗi) da csór (yin sata). Kalma ta ƙarshe 'yar uwa ce ga chor ta Hindi, mai nufin ɓarawo. Ta biyu ita ce Yidish, harshen Yahudawan Turai, wanda ya ɗauko kalmomin Ibrananci. Ta wannan hanya haver (aboki) da meló (aiki) da szajré (kayan sata, asalinsa haja) suka shigo. Al'ummun biyu sun sha wariya, amma a yau ɗan jami'a na kiran abokinsa haver ba tare da ya san inda kalmar ta fito ba.

3.0 Folanci

A ƙasar Folan kurkuku ne ya zama babbar ƙofa. Akwai zaurancen fursunoni da ake kira grypsera, daga gryps, wasiƙar da ake fitarwa a ɓoye. Kalmar ksywa ta samo asali daga kalmar Ibrananci mai nufin rubutu. Da farko takarda take nufi, daga baya ta koma laƙabi. Saiwarta ta k-t-b ita ce ta Larabcin kitab, wanda ya haifar da littafi a Hausa da kitabu a Suwahili. Haka melina, maɓoyar ɓarayi ko mashaya, tana komawa ga kalmar Ibrananci mai nufin masauki. Frajer kuwa daga Jamusanci take, inda Freier ke nufin manemin aure, amma a Folanci ta zama gaula. Matasa kuma suna datse kalmomi: spoko daga spokojnie (a natse), nara daga na razie (sai an jima). Tun daga shekarar 2016 kamfanin ɗab'i na PWN yake shirya gasar zaɓen kalmar matasa ta shekara, abin da ke adana sara tare da lokacin yayinta.

4.0 Suwahili

A gabashin Afirka, Sheng ta unguwannin gabashin Nairobi da Hausar titi irin ta Darussalam, wadda suke kira lugha ya mitaani, sun fi ɗaukar kalmomi daga kuɗi da sufuri. Matatu, ƙaramar bas ta haya a Kenya, tana da alaƙa da tatu (uku), wato kwabbai uku na santi goma-goma da ake biya a da. Daladala ta Tanzaniya daga dala take, laƙabin sulai biyar na kuɗin mota. Bodaboda, ɗan acaɓa, ana danganta ta da masu keken da ke jigila a kan iyakar Kenya da Yuganda. Mbao, sulai 20, daga fam na Ingila take, kamar yadda Bahaushe ya ci gaba da kiran naira biyu fam bayan canjin kuɗi na 1973. Bongo, laƙabin Darussalam, daga ubongo (ƙwaƙwalwa) yake, domin sai mai wayo ke iya zaman birnin. Chai, wato shayi, ta koma cin hanci, tamkar "na goro" a Hausa.

5.0 Tattaunawa

Misalan sun nuna hanyoyi uku: aro, datse kalma, da sauya ma'ana. Sun kuma nuna wani tarko. Csaj ta Hungariyanci ana furta ta kusan daidai da chai ta Suwahili, alhali babu abin da ya haɗa su. Kama da wane ba ta wane, saboda haka kamannin furuci kaɗai ba ya zama hujja sai an sami shaidar cuɗanya da ta lokaci.

6.0 Kammalawa

Ana iya bin sawun ksywa da haver ne saboda an rubuta su tun suna bakin 'yan kurkuku da 'yan kasuwa. Sarar Hausa ta tashar mota da ta makarantu da ta kafofin sada zumunta tana fuskantar haɗarin ɓacewa, ko kuma a ƙaga mata asali na ƙarya. Dalilin kiran babur mai ƙafa uku a-daidaita-sahu sananne ne a Kano yau, amma jikokin masu hawansa ba lallai su sani ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su riƙa tattara irin waɗannan kalmomi, tare da shekara da gari da rukunin da aka fara jin kowace a bakinsa.