Kumburin ciwon zuciya da magungunan Sinawa

A kasuwar Agadas akwai masu sayar da saiwa da ɓawo da ganye. Cikin masu zuwa wurinsu har da mai kumburin ƙafa. In an danna ƙwabrinsa da yatsa, sai rami ya zauna. In ya kwanta, numfashi ya yi masa wuya.

1. Mafarin kumburi

Zuciya ita ce ke tura jini cikin jiki, wajen lita 5 kowane minti. Idan ta raunana, jini ba ya gudu sosai. Sai ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Ruwan ya taru a ƙafafu da ciki da huhu. Amma ciwon ƙoda da na hanta da rashin abinci mai gina jiki su ma suna kawo kumburi. Likita ne ke iya rarrabe su.

2. Maganin Sinawa

Sinawa sun daɗe da sanin wannan ciwo. Wajen shekara ta 200, wani masanin magani mai suna Jang Jongjing ya rubuta haɗe-haɗen da ke sa fitsari. Ɗaya sunansa jenwu. Abu 5 ke cikinsa, har da citta da fuling da fuzi. Fuling wani irin naman kaza ne da ke fitowa a saiwar itace. Fuzi kuwa saiwa ce mai dafi. Sai an daɗe ana dafa ta kafin a sha. In an yi kuskure, tana rikita bugun zuciya, har ta kashe mutum.

3. Amfani da haɗari

Tsiro yana iya zama magani na gaske. A 1785 wani likitan Ingila, Wiliyam Widarin, ya nuna yadda ganyen dijitalis ke sauke irin wannan kumburi. Ya nuna kuma in ya yi yawa, guba ne. A ƙasar Beljika, a farkon shekarun 1990, an musanya wata saiwar Sin da mai kama da ita cikin maganin rage ƙiba. Mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda. Ashe kowane magani yana son awo da masani.

4. A ƙasarmu

Likitocin Sin sun fara zuwa aiki Nijar a 1976. A asibiti, ana ba mai kumburin zuciya ƙwaya ko allura mai sa fitsari, ana awon nauyinsa, ana hana shi cin gishiri da yawa.

Agadas kuwa hanyar gishiri ce, ayarin raƙuma na kawo shi daga Balma. Gishiri na jawo ruwa cikin jiki, kanwa ma haka. A shekarun 1970, likitocin Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego da ke shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Don haka mai jegon da ta kumbura, ko take haki, a kai ta asibiti da wuri. In ta sha wani jiƙo, a gaya wa likita sunansa.

Tambayoyi
1. Me ke sa ruwa ya taru a ƙafa?
2. Don me ake daɗewa ana dafa fuzi?
3. Me ya kamata a yi wa mai jegon da ta kumbura?