Na Tsinci Kwalaben Maganin Tari a Jakar Ɗana

Tambaya: Ɗana na fari shekararsa 15. Makon jiya zan wanke masa jakar makaranta sai na tsinci kwalabe biyu na maganin tari, duk an shanye, alhali ko atishawa ban ji ya yi ba. Ban gaya wa mahaifinsa ba, don na san zafin hannunsa. Yaya zan yi?
Wata uwa, daga Kano

Amsa: Allah Ya shirya mana zuri'a. Fara duba jikin kwalbar ko mai kodin ce. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa irin wannan magani da shigo da shi, jim kaɗan bayan binciken BBC ya tona cinikinsa. Amma har gobe ana sayar da shi a bayan fage, yaro ya juye a robar lemo ya kurɓa a gaban kowa.

Kada ki ɓoye wa maigida. Ki dai zaɓi lokaci, bayan ya ci abincin dare, yaron ba ya kusa, ku tsayar da magana ɗaya kafin a kira shi. Ki nuna masa cewa bulala ba ta cire kodin daga jini, sai dai ta koya wa yaro sabuwar maɓoya.

Ga inda gizo ke saƙar: ɗan fari ne, wataƙila ko sunansa ba kya kamawa. Kunyar nan kyakkyawa ce, amma ita ta sa iyaye da yawa suke jin labarin 'ya'yansu a bakin maƙwabta. Idan bakinki ya yi nauyi, a samo kawun da yake sakewa da shi. A tambaye shi a hankali: wa ya fara ba ka, tun yaushe, da wane kuɗi kake saye? Zai yi musu, ƙila ya ce ajiyar aboki ce. A bar shi ya gama, a sake zama jibi.

Sannan ki san inda yake tsakanin magariba da isha'i, da su wa yake zaman majalisa. Ki lura da barcin rana mai nauyi, da jan magana, da canjin cefane da ke ɓacewa. Harshe in ya yi shuɗi, to an haɗa da ƙwayar roci.

Idan ya amsa cewa kullum yake sha, kada a ce ya daina yau ba tare da likita ba, domin ciwon gaɓoɓi da gumi da gudawa da rashin barci za su mayar da shi ruwa. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ko ku nemi masu ba da shawara na hukumar NDLEA. Wani zai ce a kai shi gidan mari. Ki tuna masa da Rigasa a Kaduna, inda a 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasunsu da sarƙa a ƙafa.