Kafin ɗan Gummi ya ɗauki hanyar filin golf

Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, filin wasa abu ne na kowa. Wanda ya ga ana ƙwallo ko dambe sai ya raɓa ya tsaya, ba mai tambayarsa wa ya kawo shi. Da wannan sabon ne 'yan kasuwa da ma'aikatan yankin da suka fara sha'awar golf a talabijin suke kama hanyar Kaduna ko Kano, kuma nan ne suke yin tuntuɓe, domin filin golf mallakar kulob ne mai mambobi da maigadi da dokar shiga.

Wani ɗan kasuwar hatsi ya taɓa baro Gummi da sassafe, ya bi ta Daki Takwas da Anka, ya faɗa babban titi a Mayanci, ya wuce Gusau da Tsafe da Funtuwa, ya kwana a birni. Washegari ya ci ado, babbar riga da hula, ya nufi wani kulob. Maigadi ya tare shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, baƙon wa ne?" Ba shi da amsa. Aka kira wani ma'aikaci, shi ma ya ce ko da an karɓi kuɗin baƙo, ba a shiga fili da irin wannan shiga, ga shi kuma ranar gasar mambobi ce. Haka bawan Allah ya leƙa ciyawa daga bakin ƙofa ya juya. Kuɗin mota da na masauki sun tafi, ga kasadar hanya da ya ɗauka a banza.

Maganin abin kuwa ba wuya. A nemi mamba tun ana gida. Ɗan Zamfara ba ya rasa ɗan'uwa ko abokin hulɗar kasuwanci a Kaduna ko Kano, kuma a cikin manyan sojoji da tsofaffin ma'aikatan gwamnati da na banki akwai masu buga wasan da yawa. Mamban ne zai sa hannu a littafin baƙi, shi zai san ranar da babu gasa, shi zai faɗi kuɗin da baƙo ke biya a wannan lokacin. Tsarin gado ne daga Turawa: a Ingila ma, manyan filaye irin su Royal St George's da ke gundumar Kent sai baƙo ya nemi gurbi tun da wuri. Amma gaskiya kulob-kulob ɗinmu suna da nasu sakacin. Da suna bayyana ƙa'idojinsu a sarari, da lambar wayar da ake ɗagawa, da mutum bai ƙetare jihohi don ya ji su daga bakin maigadi ba.

Tufafi: riga mai kwala, wando, takalmi rufaffe mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Ban da silifas.

Ina za a nufa? Ga mai fitowa daga yammacin Zamfara ta hanyar Funtuwa, Zariya ce ta fi kusa, kuma tana da nata fili. Na Kaduna, wanda aka kafa a 1921, ya fi cika da jama'a, don haka samun mai masauki a can ya fi sauƙi. Kano ma tana da tsohon fili tun zamanin mulkin mallaka. Mai ƙarfin tafiya sai ya ƙarasa Jos, inda filin Rayfield na 1913 yake, wanda Turawan haƙar kuza suka bari. Sanyin garin kaɗai ya isa ya sa a yi ramuka 18 ba tare da an galabaita ba. Filin IBB na Abuja, da aka buɗe a 1991, shi ne mai kama da abin da ake gani a talabijin, kuma aljihu zai shaida hakan.

Abu na biyu da ke ba sabon zuwa mamaki shi ne kewayen ramin. A tsofaffin filayen ƙasar nan an daɗe ana amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a maimakon lallausar ciyawa, saboda tsadar ban ruwa da rani. Kafin a gangara ƙwallo sai an share yashin ya kwanta sumul. Kada a raina wannan. A kan irinsa ne Bature Peter Tupling ya kammala ramuka 72 da bugu 255 a gasar Nigerian Open ta 1981 a Ikoyi, abin da ya zama tarihi a duniya, kuma Vijay Singh ya ci wannan gasa a 1988 tun kafin sunansa ya game ko'ina. A tambayi mai masauki ko filinsu yashi ne ko ciyawa, don ƙarfin bugun ba ɗaya ba ne.

Kada a yi gaggawar sayen sanduna. Doka ta yarda da 14 a jaka, amma mai koyo aron uku ko huɗu ya ishe shi. Kuɗin ya fi amfani a hannun yaron da ke ɗaukar jaka. Waɗannan matasa sun san kowane gangare da kowace kwana ta filin, wasunsu sun fi masu gidan nasu iya wasan, amma abin da ake miƙa musu bayan awa huɗu a rana sau da yawa abin kunya ne. A yi ciniki da shi tun farko, a kuma ƙara masa idan an gama.

Da hunturu ƙasa kan bushe, ƙwallo ta yi ta gudu. Da damina kuma ciyawar gefe takan haɗiye ta. A fara da sanyin safiya, a riƙe ruwa.

Sai hanya, wadda ta fi komai nauyi. Tsakanin Anka da Mayanci, da tsakanin Gusau da Funtuwa, an sha fama da 'yan bindiga, kuma wasa bai kai a sayar da rai saboda shi ba. A shiga motar safe, a tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a ranar, a ƙi direban da zai tsaya jiran cikon fasinja har la'asar. Idan wasan ya kai azahar, a ƙara kwana a Kaduna ko Zariya, a kamo hanyar gida washegari bayan gari ya waye.