Shin Sai Na Sayi Firiyam Kafin Muryata Ta Yi Kauri?

TAMBAYA

Ni matashi ne a Zariya, ina rera waƙa, na kuma mayar da ɗakin zauren gidanmu ɗan ƙaramin sutudiyo. Kayan aikina laftof ne, da sawun-kad Focusrite Scarlett 2i2 ƙira ta uku, da makirufo Audio-Technica AT2020. Duk abin da na ɗauka sai muryar ta fito siririya, ba ta da jiki, ga wani ƙugi a ƙarƙashinta, musamman in muna kan janareto. Abokina da ke aiki a babban sutudiyo ya ce sai na sayi firiyam na daban irin Neve, ko in canza makirufo zuwa Shure SM7B. Na daɗe ina tara kuɗin nan, ba na so in zuba su inda ba nan ba. Wane firiyam zan saya?

Ƙaninka daga Zariya

AMSA

Riƙe kuɗinka tukuna. A yadda ka bayyana damuwarka, babu ko ɗaya daga cikin matsalolin nan biyu da sabon firiyam zai warkar.

Kana da firiyam, har guda biyu. Suna cikin sawun-kad ɗinka, a bayan ramukan nan biyu da kake soka wayar makirufo. Siginar da ke fitowa daga makirufo rarrauna ce ƙwarai, 'yan dubunnan kason bolt ɗaya, aikin firiyam kuwa shi ne ya ɗaga ta ta kai matsayin da na'ura za ta iya mayar da ita lambobi. Shi sanƙira ne: abin da aka raɗa masa shi zai ɗaga murya ya faɗa wa taro. In makirufo ya raɗa masa murya da ƙugin janareto da amsa-kuwwar bango, duka zai ɗaga, komai tsadarsa.

Saboda haka tambayar farko da ake yi wa kowane firiyam ita ce ƙarin ƙarfi nawa zai iya bayarwa ba tare da ya fara "shhh" ba. Da desibel ake auna wannan. Naka yana kaiwa 56. AT2020 makirufo ne na kondensa, irin waɗanda ke cin wutar nan ta 48V, siginarsu kuma da ma da ƙarfinta take fitowa, mawaƙin da ya matso kusa ba ya bukatar fiye da desibel 30 zuwa 40. Kana da rara ke nan.

Mu koma kan siririyar murya, domin a nan nake zaton ciwon yake. AT2020 ta gefe yake ji, ba ta samansa ba, kuma gefe ɗaya ne gabansa, wato inda tambarin kamfanin yake. Masu farawa da yawa kan karkato shi su riƙa rerawa a kan ƙoƙon kansa kamar na hannu da ake riƙewa a wurin biki, wasu ma su juya masa baya ba su sani ba. Wanda ya yi haka ɗakin yake ɗauka, muryarsa kuwa sai dai abin da ya dawo daga bango. Tsayar da shi tsaye, tambarin yana kallon bakinka, ka sa ragar tare iska a tsakani, ka tsaya tazarar taƙi guda. Irin wannan makirufo yana ƙara wa murya kauri gwargwadon yadda ka matso, yana rage shi in ka ja baya. Kaurin da kake shirin saye da kuɗi, rabinsa yana cikin taku ɗaya da za ka yi gaba.

Ragowar yana ga ɗakin. Shiga tsakiyarsa ka tafa sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. In ka ji tafin ya bar wani ƙarar ƙarfe yana kai da komowa, to bangon siminti da daɓen tayil ne suke mayar maka da sauti, shi ke cakuɗuwa da muryarka yana cinye mata jiki. Jingina katifa a bangon da ke bayanka, tunda can makirufon yake fuskanta, ka rataya bargo mai nauyi a gefe, ka shimfiɗa kafet a ƙasa, ka kashe fanka lokacin ɗauka. Kada ka wahalar da kanka da manna kiret ɗin ƙwai a bango, ba shi da kaurin da zai sha sauti.

Shi kuma ƙugin, gwajinsa na minti ɗaya ne. Zare cajar laftof, bar shi a kan batir, ka ɗauki shiru na daƙiƙa goma. Tunda sawun-kad ɗinka daga laftof yake shan wuta, ka raba shi da layin gida ke nan. In ƙugin ya ɗauke, laifin wuta ne. Wutar ƙasarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wannan kaɗawar ce kake ji in gida ba shi da wayar ƙasa ta kirki, ko caja ba ta da inganci, ko wayar makirufo ta kwanta a jikin wayar wuta. Ƙaramin janareto kuma wutarsa ba ta fita sumul. Riƙa ɗaukar murya a kan batir, ka nemi mai gyaran wuta ya duba maka wayar ƙasa, ka tabbatar wayar makirufonka XLR ce mai ƙafa uku daga kai har kai. In ƙugin bai ɗauke ba, to mai yiwuwa ƙarar injin ce take shigowa ta iska, sai a matsar da shi nesa. Ka lura, firiyam na daban a bango ake jona shi, wato wata sabuwar ƙofa ce za ka buɗe wa ƙugin.

Abokinka bai yi ƙarya ba game da SM7B. Makirufo ne na dainamik, ana rerawa baki dab da shi, don haka ba ya kwaso ɗaki sosai, ya dace da wurin da ba a gyara ba. Sai dai siginarsa ƙasa-ƙasa take, kamfanin Shure da kansa yana ba da shawarar desibel 60 gare shi. Da 56 ɗinka, in murya mai sanyi ce, sai ka murɗa maɓallin har ƙarshe, a nan ne kuma "shhh" ke tasowa. Wannan ne wurin da maganar firiyam ke zama gaskiya. Ko a nan ma ba sai ka je ga mai tsada ba. Cloudlifter ɗan akwati ne da ake sawa tsakanin makirufo da sawun-kad, yana cin 48V yana ƙara har desibel 25. Scarlett 2i2 ƙira ta huɗu, wadda ta fito a 2023, tana kaiwa 69 ita kaɗai.

Neve kuwa wani sha'ani ne daban. Rupert Neve, injiniya ɗan Ingila, kamfaninsa ya fitar da 1073 a 1970, kuma har yau ana neman sa saboda taransifomomin da ke cikinsa, waɗanda ke ɗan lanƙwasa sauti su ba shi ɗumi da cika idan aka matsa musu. Ƙarfinsa yana kaiwa desibel 80. Akwai masu kwaikwayonsa da sauƙin kuɗi, kamar Pre-73 na Golden Age Project da WA73 na Warm Audio. Ina son wannan sautin, kuma ba zan hana ka shi ba. Amma bambancin ɗan kaɗan ne, kunne ba ya kama shi sai ɗaki ya yi shiru kuma makirufo ya zauna daidai. Abin da ke damuna shi ne in ga matashi ya kwashe gumin wata da watanni ya saye shi, ya kai ɗakin da ke amsa-kuwwa, ya ji babu abin da ya canja.

Ranar da ka gyara waɗancan kuma har yanzu ranka na son sa, kada ka biya sai ka gwada. Roƙi abokinka ya ara maka na yini ɗaya. Jona shi ta ramin Line, maɓallin Inst a kashe, ka mayar da maɓallin ƙarin ƙarfi na sawun-kad ƙasa, ka bar sabon ya yi aikin. Rera baiti ɗaya da shi, ka sake rerawa babu shi, a tazara ɗaya, kana lura kada ma'auni ya wuce -12 ko jar fitila ta kama. Daidaita ƙarfin biyun sosai, domin kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da bai fi daɗi ba, sannan ka sa wani ya kunna maka su ba tare da ka san wanne ne wanne ba. In ka gane shi a kai a kai, saya. Kafin ka jona a soket kuma, juya bayansa ka karanta: kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, tamu wutar 230 ce, in babu maɓallin sauyawa nan take zai ƙone.