Sabon Zane Rauni Ne: Jan Kunne Ga Matasa Da Iyaye

Zanen jiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun kafin a buɗe masaƙar Kakuri da ke Kaduna a 1957, wanzamai suna yi wa mata jarfa da shasshawa, suna yi wa yara bille da kalangu. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki da masu yin. Yau a unguwannin Kaduna irin su Barnawa, Narayi, Sabon Tasha ko Television, saurayi ko budurwa kan shiga shago a zana masa tatu da ɗan inji, ya biya, ya kama gabansa, sau da yawa ba tare da an gaya masa abin da zai yi gobe ba. Wannan takarda ba fatawa ba ce. Malaman Musulunci sun hana, fastoci da yawa ma ba sa so, kowa kuwa ya san ƙofar da zai je ya yi tambaya. Maganarmu da wanda ya riga ya yi ce.

Abu na farko da za a sani, sabon tatu rauni ne. Allurar injin tana huda fata sau dubbai, tana ajiye tawada a ƙarƙashin fatar sama, zurfin milimita 1 zuwa 2. Saman fatar kan warke cikin mako 2 zuwa 4, amma cikin yakan ɗauki watanni. Duk abin da ba za ka yi wa sabuwar ƙuna ba, kada ka yi wa sabon zane.

Idan mai zanen ya rufe wurin, a bar rufin na 'yan awoyi ko gwargwadon yadda ya ce. Sannan a wanke hannu da sabulu, a cire, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu kawai. Ban da soso. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa, a tafasa shi ya huce tukuna. A ɗan danna da tsumma mai tsabta har ya bushe, kada a goga, kada kuma a yi aron tawul. Bayan haka a shafa mai kaɗan, marar turare, yadda fata za ta yi laushi ba ta yi naso ba. A yi haka sau biyu ko uku a rana. A kwanakin farko wurin zai yi zafi, ya ɗan kumbura, ya fid da ruwa-ruwa haɗe da tawada. Wannan ba abin tsoro ba ne.

Wajen mako guda sai ɓawo da ƙaiƙayi, a nan ne kuma ake gane mai haƙuri. Wanda ya sosa ko ya ɓamɓare ɓawon zai fid da tawadar tare da shi, ya bar tabo, ya kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya da farcensa. Lokacin hunturu fata ta fi tsagewa, ƙura kuma ta fi yawa, sai a kula da mai da riga mai sakin jiki. Da bazara gumi ne abokin gaba. Mai tuƙa Keke, da makanike, da ɗan ƙwallo su riƙa wankewa da sun tashi daga aiki. Wanka a kogin Kaduna ko a wurin ninƙaya na otal, a haƙura har sai fata ta rufe. A kuma kare wurin daga rana.

Mu mutane ne masu yawan ba da magani, kowa likita ne a bakin titi. Za a ce maka ka zuba sifirit, ko man goge baki, ko toka, ko baƙin man inji. Wata za ta ce a fasa kafso a barbaɗa garin. Duk wannan ɓata rauni yake yi. Man bilicin ya fi su illa, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri ta ƙi warkewa da wuri.

Amma babban abin da ke ruɓar da zane a unguwanninmu ɓoyo ne. Yarinya ta yi a kafaɗa ko a cinya ba da sanin gida ba. Don kada Mama ta gani, sai ta ɗaure wurin da leda, ta ɗora matsattsiyar riga, ta wuni a haka cikin zafin Afrilu. Da dare ba ta iya wankewa sai kowa ya yi barci. Kwana kaɗan rigar ta manne da raunin, in za a cire sai da ɓawo da jini. Wurin ya fara wari, ta lallaɓa kemis ta sayi ƙwayoyi biyu na ɗari biyu, ta sha, ta yi shiru. Kafin a ankara zazzaɓi ya kwantar da ita, asirin da ake ɓoyo ya tonu a gadon asibiti. Iyaye, in kun gano, ku fara da duba raunin. Faɗa ba ya gudu, yana nan bayan an warke.

Ga alamun da ba a jira da su: zafi da kumburi suna ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa, ruwan ƙurji mai wari, ƙaluluwa a hammata ko a matsematsi, zazzaɓi da rawar ɗari. A lura, a jikin baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Wurin kan yi duhu, ya yi tauri, in an taɓa a ji ɗumi. Wanda ya ga haka ya tafi Asibitin Gwamna Awan ko Saint Gerard da ke Kakuri, ko Babban Asibitin Sabon Tasha. Mai ciwon suga da mai sikila su fi kowa gaggawa, domin rauninsu kan yi jinkirin warkewa. Wanda kuma ya san hujin kunne ko tsohon ciwo ya taɓa yi masa tabo mai tudu, ya sani zane ma yana iya yin haka.

Akwai cutar da ba ta nuna kanta a fata. Allurar da aka yi wa wani aiki da ita, ko tawadar da aka tsoma ta a ciki, tana iya ɗauko ciwon hanta nau'in B da C, har da ƙanjamau. Ƙwayar nau'in B kan rayu a wajen jiki aƙalla kwana 7. Sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran jarirai a Najeriya, saboda haka wanda aka haifa kafin nan kada ya ɗauka yana da kariya. In ba a gabanka aka ɓare sabuwar allura ba, je ka asibiti ka faɗi gaskiya, su gaya maka lokacin gwajin jini, su kuma duba ko kana bukatar allurar sarƙe-haƙora.

Masu shago kuma su sani, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa wanda bai kai shekara 18 ba tatu ko tsaga. Ɗan makaranta in ya zo da kuɗinsa, a tambayi shekarunsa kafin a kunna inji.