"Lafiya Lau, Mama": Abin Da Yaranmu Ke Ɓoyewa A Makarantun Kwana Na Ingila

Shekara 11 ke nan ina aiki a makarantun kwana a arewacin Ingila. Na fara da aikin metiron a gidan kwanan 'yan mata, yanzu kuma ni ce mai kula da ɗaliban da iyayensu ke zaune a ƙasashen waje. Mafi yawansu daga Sin da Hong Kong suke, akwai na Jamus da Sifaniya, akwai kuma namu na Najeriya, har da 'ya'yan Kano da Kaduna da Abuja. Duk shekara 'yan'uwa da abokan arziki kan kira ni suna tambayar makarantar da ɗalibanta suka fi cin jarrabawa. Da wuya in ji wanda ya ce mini, "Hajiya, in yaron ya isa, wa zai riƙe mini shi?" Wannan tambayar da ba a yi ita ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 13 da ta zo mana daga Arewa a watan Satumba. Kowane malami yabonta yake yi: ga natsuwa, ga ladabi, ba ta da ƙorafi. Har an rubuta wa iyayenta cewa ta saba da wuri. Sai a watan Nuwamba na lura siket ɗinta ya yi mata yawa, ta naɗe ƙugun ta maƙale shi da fil. Na tsaya a ɗakin cin abinci na zuba mata ido. Burodi ta ɗauka, da soyayyen dankali, da tuffa guda. Washegari ma haka. Da dare na neme ta a ɗakinsu ba ta nan. Can na same ta a ɗakin wanki, zaune a ƙasa ta jingina da injin busar da kaya, domin nan ne ya fi ko'ina ɗumi, kuma ba mai shiga da dare.

Na durƙusa na ce mata da Hausa, "'Yata, sanyi ne ko?" Jin Hausar kawai ya sa ta fashe da kuka. Da ta lafa ta ce, "Anti, ban san ko naman yankan Musulmi ba ne, kuma ina jin nauyin tambaya." Fiye da wata biyu nama bai shiga bakinta ba. Alhali kicin ɗinmu kullum yana dafa naman halal, amma sai wanda sunansa ke cikin jeri ake zuba wa. Ejan ɗin da ya cike mata fom a gida ya tsallake gurbin abinci bai rubuta komai ba. Ban da wannan, babu buta a banɗaki, sai robar ruwa take ɓoyewa a jaka don kada 'yan ɗakinsu su gani. Azahar da La'asar da Magariba kuwa tara su take yi sai dare, tana ramawa tana kuka. Duk Lahadi mahaifiyarta na kira, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, Mama." Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa. Ta ce, "Anti, kin san kuɗin da Baba ya kashe?"

Cikin kwana biyu aka warware komai. Aka sa sunanta a jerin kicin, na sayo mata buta, aka ba ta wani ɗan ɗaki kusa da laburare ta riƙa Sallah a lokacin hutun rana. Abin da kalma ɗaya za ta magance ya ci mata wata biyu.

A nan gizo yake saƙa. Mu muna tarbiyyar 'ya'yanmu a kan kunya da kawaici da haƙuri. Yaron kirki a wurinmu ba ya haɗa ido da babba, ba ya cewa "ban ƙoshi ba", ba ya kai ƙara. Makarantar Ingila kuwa an gina ta ne a kan yaron da zai buɗe baki. In malami ya ce "lafiya?" yaro ya ce "lafiya", to malamin ya ɗauka har zuciya haka ne, ya wuce. In yaro ya sunkuyar da kai ana yi masa magana, wani malamin zai zaci ɓoye laifi yake yi ko raini ne. Ba ina cewa a zubar da kunya ba, ado ce. Amma kafin yaro ya hau jirgi, a zaunar da shi a faɗa masa ƙarara: neman haƙƙinka ba rashin kunya ba ne, faɗin damuwarka ba butulci ba ne.

Domin taimakon yana nan. Kowane gidan kwana yana da shugaba, mace ko namiji, wanda ke kwana a cikin ginin. Akwai metiron, akwai malamin da ke bibiyar karatun yaro shi da 'yan tsirarun ɗalibai, akwai nas a cibiyar lafiya. Doka ta wajabta wa kowace makarantar kwana ta naɗa jami'in kare yara, ta kuma samar da wani mutum daga waje, wanda ba ma'aikacinta ba, da ɗalibi zai iya kira kai tsaye. Ga kuma layin taimakon yara na Childline, 0800 1111, kyauta dare da rana. Gwamnati tana da ƙa'idojin da kowace makarantar kwana za ta cika, an sabunta su a Satumbar 2022, kuma sufetoci na zagayawa su rubuta rahoto a wallafa a intanet. Kafin uba ya duba teburin sakamakon jarrabawa, ya fara karanta abin da sufetoci suka ce game da gidajen kwana da tsaron yara.

Abu na biyu shi ne mariƙi, wanda iyaye ke kira gadiyan. Da yawa daga cikinmu mun yi makarantar kwana a gida, mun san akwatin ƙarfe da gari da ƙuli-ƙuli da ranar ziyara, sai mu ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A gida in an kai yaro, sai ƙarshen zango. A Ingila zango uku ne, kuma kowanne yana da hutu a tsakiyarsa: ƙarshen Oktoba, tsakiyar Fabrairu, da ƙarshen Mayu. Makarantu da yawa suna kuma da wasu ƙarshen mako da ake rufe gidan kwana ruf. A waɗannan ranaku dole yaro ya fita. In ya kamu da ciwo mai yaɗuwa ko aka dakatar da shi, nan ma mariƙi ake kira ya zo ya ɗauke shi.

Na taɓa tsayawa da wani yaro ɗan shekara 15 a bakin ƙofa ranar Juma'ar hutun Oktoba. Kowa ya watse, shi kaɗai da akwatinsa. Sunan da aka rubuta a fom na ɗan baffansa ne, ɗalibin jami'a a wani gari mai nisan awa huɗu, mai ɗaki guda a hostal, wayarsa a kashe. Sai bayan Isha na samar masa masauki wurin wasu iyali da makaranta ta tantance. A mota yake roƙona, "Anti, don Allah kar ki gaya wa Baba, ransa zai ɓaci da Yaya." Na gaya wa uban, domin aikina ne. Amma ku duba, shi aka bari a bakin ƙofa, shi ne kuma ke neman rufa wa manya asiri.

Shi ya sa makarantu da yawa ba sa karɓar mariƙin da bai kai shekara 25 ba, ko wanda ke zaune a masaukin ɗalibai. In za a ɗauki kamfanin riƙo, a sani cewa doka ba ta tilasta musu mallakar lasisi ba, kowa na iya buɗewa. Akwai ƙungiyar AEGIS da aka kafa a 1994, tana bincikar irin waɗannan kamfanoni tana ba su shaida, ƙungiyar makarantun kwana ta BSA ita ma tana da tata tantancewar. A nemi ganin shaidar. Wanda yake nan a Maris ɗin 2020 ya san darajar wannan. Ranar 20 ga wata aka rufe makarantun Ingila saboda Korona, ranar 23 Najeriya ta rufe filayen jirgin Legas da Abuja, ba a dawo da jiragen ƙasa da ƙasa ba sai 5 ga Satumba. Yaran da ke da mariƙi na gaskiya sun sami inda za su sa haƙarƙarinsu. Masu mariƙin takarda sun sha wuya, mu ma mun sha.

Akwai kuma dokar da mutanenmu ke takawa ba da sani ba. A wurinmu aminin uba kawu ne, ɗiyar maƙwabciya ƙanwa ce. A dokar Ingila, in yaro bai kai shekara 16 ba, kuma zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba makusancinsa ba, wajibi ne a sanar da ƙaramar hukuma ta zo ta duba gidan. Makusanci a wurinsu shi ne kaka, ko wa, ko ya, ko baffa, kawu, gwaggo da inna na haƙiƙa, ko mijin uwa da matar uba. Ɗan baffa ba ya ciki. Kada a ga kamar tsanani ne kawai. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara 8 daga Kodebuwa, Victoria Climbié, ta rasu a Landan sakamakon azabtarwa a hannun 'yar'uwar da ta karɓe ta riƙo da sunan za ta sa ta makaranta a Turai. Binciken da ya biyo baya shi ya haifar da dokar yara ta 2004. Tun daga nan "ai ɗan'uwa ne" ba ta isar hukuma.

Jiki ma yana da nasa haƙƙin. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, yaro ya fita aji cikin duhu, kuma salloli uku duk suna faɗawa cikin lokacin karatu. Wannan duhun yana sa kasala da ƙunci, musamman a shekarar farko. Hukumar lafiya ta NHS tana shawartar masu baƙar fata su riƙa shan bitamin D maikurogiram 10 kullum duk shekara, sai a yi magana da nas ɗin makaranta. A sa man kaɗe a akwati, domin sanyi da hita suna busar da fata har ta tsage. A tambayi inda yarinya za ta yi kitso, don makarantu da yawa a ƙauye suke, ba mai iyawa kusa. A tambayi hijabi da kayan makaranta, da darasin ninƙaya, da taron coci, tunda yawancin tsofaffin makarantun suna da alaƙa da coci, da yadda namiji zai je Juma'a. Azumi kuwa, a 2016 ya faɗo a Yuni, tsakiyar jarrabawar sakandare ta GCSE, yara na kai fiye da awa 18 ba ci ba sha. Makarantar kirki tana ajiye sahur da buɗa-baki in an sanar da ita da wuri. A rubuta duk wannan a imel, kada a bar wa ejan.

Batun kuɗi, a yi lissafi har ƙarshe kafin a fara. Daga 1 ga Janairun 2025 an ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu. Akwai kuɗin lafiya na fam 776 a kowace shekarar biza, ga kuɗin mariƙi, ga tikiti, ga faɗuwar da naira ta yi tun 2023. Karatun GCSE shekara biyu ne a haɗe, na A-level ma haka. Cire yaro a tsakiya asara biyu ce, kuma yawancin makarantu sai an ba su sanarwar zango guda cur, ko a biya kuɗinsa. Sannan duk nauyin da uba ya ɗauka, kada ya sauke shi a kan yaro. "Ka san nawa nake biya?" ita ce maganar da ta fi kowace rufe bakin yara.

A ra'ayina, bayan abin da na gani, yaron da bai kai shekara 13 ba a bar shi kusa da uwarsa. Wasu ma gara su jira sai 16, lokacin da suka san kansu da addininsu da harshensu. Waɗanda aka shirya su da kyau kuwa suna cin riba sosai: suna koyon tsayawa da ƙafarsu, suna yin abokai daga ko'ina a duniya. Yarinyar ɗakin wanki ta kammala lafiya. A shekararta ta ƙarshe ita ke tarbar sababbin ɗalibai, kuma takan ajiye buta ta biyu a kabad ɗinta saboda baƙuwar da za ta ji nauyin tambaya.

Iyaye, in kun kira, ku bar "kana lafiya, yaya karatu?" domin kun riga kun san amsar. Ku ce: me ka ci da rana? Da wa ka zauna? A ina ka yi Azahar? In kana da damuwa cikin dare, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa? Ku nemi sanin lokacin da ake ba su waya, ku tuna daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Ingila yana bayan namu da awa ɗaya. Ku kira ta bidiyo, ku yi Hausa da shi, labarin zuciya a tambayi fuska. Ku riƙe lambar shugaban gidan kwana, ku gaisa da shi tun babu matsala. Ku kuma faɗa wa ɗanku, ba sau ɗaya ba, cewa in ya ce bai ji daɗi ba, ba zai zama ya ba ku kunya ba. 'Ya'ya amana ne, kuma biyan kuɗin makaranta bai sauke amanar ba.